Goge Ga Taddeo, Suna Ga Ersilia

Ni Ottavio Bracci, mai goge a garin Frascati kusa da birnin Rum, nake wannan rubutu a watan tsinkar inabi na shekarar 1712. Ƙafafu sun ƙi ni, amma hankalina garau yake, limamin cocinmu kuma shaida ne.

Taddeo da Ersilia, 'ya'yana, ga abin da na bar muku.

Na ɗaya. Dutsen nan da garmar kakanku ta tono a gona, mai sassaƙen mata uku na zamanin Rumawan farko, ɗaya da molo, ɗaya da sarewa, ta uku ta karkata kai tana sauraro, kada ya bar gidan nan. Tun ina ƙarami nake zama gabansa ina tunanin me suke kaɗawa. Kiɗansu ya mutu tare da su, sai na ƙirƙiro musu wani: ƙananan goge biyu da babba ɗaya, a ɗan ɗaki, murya uku suna hira ba mai danne wata. Da shi na ciyar da ku, ko da yake mahaifiyarku takan ce, "Ottavio, matan dutsen nan dai ba za su dafa maka taliya ba."

Na biyu. Gogena na Taddeo ne. Kada ka cika ɗaure tsirkiyarsa lokacin sanyi.

Na uku, shi ne mai nauyin. Cikin kiɗa shida da wata maɗaba'a ta wallafa da sunana a Rum, uku na ƙarshe ba ni na tsara ba. Shekarar da mahaifiyarku ta rasu kaina ya toshe, Ersilia ta rubuta su, aka yi ta yabona, na yi shiru. Taddeo, ranar da ta ce nata ne, ka kira ta maƙaryaciya a gaban baƙi, ni kuwa na sunkuyar da kai. Shekara bakwai ke nan ba ku gaisawa. Gaskiya ta faɗa. Na rubuta wa maɗaba'ar, sun amsa za su sa sunanta. Tun ranar abinci ke shiga mini. Ashe ba ciwo ne ya tokare mini ƙirji ba.

Ersilia, takarduna duka naki ne. Jiya da kika shigo kika gyara mini matashi, na gane kin yafe mini, na kuma gode.

Taddeo, laifin nawa ne, kai bayan ubanka ka bi. Ka taka zuwa gidanta da ƙafarka, kada ka aika.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku riƙa cin abincin Lahadi a teburi ɗaya, ko da ba ku da abin faɗa wa juna. Ni kam na sauke kayana, tafiya ba za ta yi mini wuya ba.