Wanda Ya Kayar Da Ni Yana Neman Auren 'Yata

Assalamu alaikum Malam Ɗahiru. Don Allah ka taimaka mini da shawara. Maganar nan ba ta kaiwa majalisa ba ce, domin duk wanda zan gaya wa a garinmu ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni ɗan kokawa ne, haifaffen Indabo. Ba zan faɗi sunan da ake kirana da shi a fili ba, ko da yake na san mutanen Wudil za su gane ni. Shekara ashirin da huɗu ina wannan sana'a. Da ita na gina gida, na sayi gona, na kai mahaifiyata Makka. Na yi wasa a Katsina da Sakkwato, har Maraɗi an sha gayyatata. An kayar da ni a wasu garuruwan, ba zan yi ƙarya ba, amma a ƙasar Wudil ba wanda ya taɓa kai ni ƙasa sai kakar bara.

Wani matashi ne ɗan Lajawa, sunansa Tasi'u. Mun daɗe a sarƙe, sai ya harɗe mini ƙafar hagu, kawai na ji ni a kwance. Shi kuwa bai yi tsalle ba, bai yi kirari ba. Durƙusawa ya yi ya kama hannuna ya tashe ni, ya karkaɗe mini ƙasar da ke kafaɗata.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mai ɗakina Barakatu. Da na ji ni a ƙasan nan, sanyi na ji a raina. Shekara uku gwiwata tana cina, sujada ma da dabara nake yi don kada a lura. Kowace kaka da fargaba nake shiga fili, ina cewa ko yau ce ranar. Da ranar ta zo ta wuce, sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Yanzu ina kiwon bijimaina, ranar Juma'a in je kara, kasuwar shanu, in ga ciniki, in biya bakin gada in sayo wa yara kifi. Har ƙiba na yi. Wallahi Malam, ban taɓa jin daɗin zama kamar na bana ba.

To amma mutanena ba su huce ba. Halliru, makaɗina, wanda ya fi shekara ashirin yana bina da ganga duk inda na sa ƙafa, ya rataye gangarsa ya ce ba zai ƙara taɓa ta ba sai ranar ramuwa. Samarin Indabo kullum tambayarsu ke nan, yaushe za a sake haɗuwa. Ni kuma sai in ce Allah ya kai mu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ana cikin haka, wata biyu da suka wuce, baffan Tasi'u ya zo da dattawa biyu. Na ɗauka maganar wasa ce ta kawo su. Ashe izini suke nema masa ya fara zuwa wajen 'yata ta fari, Khaulat, wadda ke aji uku a jami'ar Wudil. Ƙanwarsa ƙawarta ce, sun san juna tun kafin karawarmu. Uwarta ta tambaye ta, ta ce tana son sa, amma in abin zai ɓata mini rai ta haƙura. Na sa an bincika. Yana riƙe da sallah, ba ya shaye-shaye, yana noman rani a bakin kogi, shi ke kula da mahaifiyarsa. Ni kaina, tun ranar da ya tashe ni, ya kwanta mini a rai.

Ka san suruki ba ya kama surukinsa a fili. In na amsa, maganar ramuwa ta mutu ke nan har abada. Tuni an fara cewa tsoro ne zai sa in ba shi 'ya don in rufe zancen. Halliru ya daina zuwa gidana. Wani lokaci sai in ce bari in shiga sau ɗaya, in ya kayar da ni shi ke nan, sannan a yi maganar aure. Sai kuma in tuna gwiwar. Abin da ya fi damuna shi ne, masu cewa ba na son ramuwar ba ƙarya suke yi ba. Dattawan suna jiran amsata bayan Sallah. Yaya zan yi?

Naka,
Tsohon ɗan kokawa, Indabo

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gode da ka amince da ni.

Zan fara da karawar da kake tunanin yi: kada ka yi ta. Ba don gwiwa kaɗai ba. Ka duba halin da za ka jefa Tasi'u. In ya kayar da kai, ya kayar da uban yarinyar da yake so a gaban jama'a karo na biyu. In ya sassauta maka, duk mai ido zai gani, kai kuma za ka fi kowa sani. Ba wanda zai fito daga wannan fili da mutuncinsa cikakke, kuma bakin mutane ba zai rufu ba.

Amma kada ka raina ɓacin ran mutanenka. So ne ya kawo shi. Halliru ma tamkar an kayar da shi ne a ranar nan, kuma shi bai san abin da ka sani ba. Shekara guda ka bar shi yana jiran ranar da ka riga ka yanke cewa ba za ta zo ba. A nan kam kana da laifi, kuma gyaransa na hannunka.

Maganganu biyu ne suka cakuɗe maka, sai ka raba su. Ka fara gaya wa Barakatu gaskiyar gwiwar, ko da yake ina zargin matar da take ganin sallarka kullum ta daɗe da sani. Ka je asibiti a duba ƙafar. Daga nan ka taka da kanka zuwa gidan Halliru, kada ka aika a kira shi, ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mini. Ka roƙe shi ya sauko da gangarsa ya kaɗa maka takenka sau ɗaya, ka zagaya fili ka yi sallama da jama'a da bakinka. Ka yi wannan kafin ka ba dattawan Lajawa amsa, don kowa ya san jikinka ne ya sallame ka, ba auren 'yarka ba.

Shi kuma auren, ka auna shi da ma'aunin aure. Binciken da ka yi ya yi kyau. Saura ka sa Barakatu ta zauna da Khaulat ta gaya mata yadda zaman gidan ɗan kokawa yake, tafiye-tafiyen da raunukan da zaman jiran labari, domin ita ta ɗanɗana. Ka kuma sa sharaɗin ta ƙarasa karatunta. In bayan haka tana kan bakanta, ka sa albarka.

Za a yi surutu, ba zan ɓoye maka ba, wataƙila har kaka mai zuwa. Ka bar su. Jin daɗin da ka samu ba abin kunya ba ne. Ka yi aikinka shekara ashirin da huɗu, ka tashi da ƙafarka, mutane da yawa ba su samu haka ba. Kada ka bari Khaulat ta haƙura da wanda take so saboda ɓacin ran da kai kanka ba ka da shi.

Allah ya ba ka lafiya, ya daidaita tsakaninka da Halliru, ya zaɓa wa Khaulat abin da ya fi alheri.

Malam Ɗahiru