Kumfar Da Na Kasa Faɗa Wa Babana

Anti, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, domin maganar ba irin wadda 'ya take yi a kan mahaifinta ba ce.

Shekaruna sha shida, ina aji biyar a sakandare. Makonni uku da suka wuce Malamarmu ta Bayoloji ta kawo ƙodar akuya ta tsaga ta biyu a gabanmu, 'yan aji suna ta toshe hanci. Daga nan ta sa muka leƙa madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Abin da na gani wani ɗan ƙulli ne na jijiyoyin jini, kamar zaren da ya cukurkuɗe a ƙarƙashin keken ɗinkin Babana, yana zaune a cikin ɗan ƙoƙo. Malama ta ce mataci ke nan, kuma kowace ƙodar mutum tana da irinsa kusan miliyan ɗaya. Ta ce a kwana ɗaya suna tace ruwan da zai cika jarka tara, su mayar wa jiki kusan duka, ɗan kaɗan ne yake fita. Anti, ni nake ɗebo ruwan gidanmu, na san nauyin jarka ɗaya. Na daɗe ban ɗago kai ba, har ta bayana ta zungure ni, wai ko mijina na hango a ciki.

A hanyar gida sai kallon mutane nake yi. Mai tura baro, mai gyaran takalmi, kowa yana tafe da wannan aiki a cikinsa, babu ƙara, shi bai ma sani ba.

To, Malama ta ƙara da cewa idan matatan nan suka lalace sukan bar furotin ya zurare cikin fitsari, sai ya riƙa kumfa, ƙafa kuma ta kumbura. A nan na tuna da Baba. Ni nake wanke banɗaki da safe, kuma Baba ne yake fitowa kafin in shiga. Ko ya kora da ruwa, nakan tarar da kumfa ta tsaya a gefe. Na fi wata biyu ina ganinta ban ɗauke ta komai ba. Don in tabbatar, na kaɗa farin ƙwai, wanda shi ma furotin ne, a kofin ruwa, kuma irin kumfar ce. Mama ta yi mini faɗan ɓarnar ƙwai, ban faɗa mata dalili ba.

Baba tela ne, yini yake a kan keke, kullum kuma sai ya sha maganin ciwon baya na kemis. Shekaranjiya na ga ya ƙara huda a maɗaurin takalminsa, yana dariya wai ƙafar tela ce ta fara arziki kafin mai ita. Likita yake kirana don tsokana, amma ko ido ban iya haɗawa da shi. Da wane baki zan ce masa na ga fitsarinsa? Idan kuma kuskure na yi, na ɗaga hankalin gida a banza? Malama ta ce matacin da ya mutu ba ya dawowa. Kowace safiya sai in ji kamar wasu sun ƙara mutuwa ina tsaye riƙe da tsintsiya.

Ɗiyar Tela

Ɗiyata,

Na ji daɗin wasiƙarki. Ni ma sai da na ajiye ta na dafa bayana daidai wurin ƙoda, ina mamakin jarka taran nan.

Bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali. Ba kowace kumfa ce ciwo ba. Ƙarfin fitowar fitsari yana kawo ta, ƙarancin shan ruwa yana kawo ta, har ragowar garin sabulun da kike wanki da shi. Wanda ya yini a zaune ma ƙafarsa takan ɗan kumbura. Kofin ƙwanki kuwa bai tabbatar da komai ba, sai dai ya nuna kina da kai. Saboda haka kada ki yanke wa Baba ciwo, wannan aikin likita ne.

Amma kumfar wata biyu, da kumburin ƙafa, da maganin ciwo kullum, idan suka haɗu a jikin mutum ɗaya ba abin yin shiru ba ne. Ƙoda ba ta cika yin zafi da wuri ba, shi ya sa ake makara. Gaskiya ne matacin da ya mutu ba ya dawowa, amma waɗanda suka rage ana iya kare su shekaru masu yawa idan an gano da wuri. Gwajin ma ba wuya: 'yar takarda ake tsomawa a fitsari, a auna hawan jini da sukari, a ɗibi jini kaɗan.

Kunyarki tarbiyya ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Ki bi da ita ta inda ya dace. Yau ɗin nan ki sami Mama ita kaɗai, ki faɗa mata dalilin ƙwan nan, har da kumfar. Wannan ɓangaren nata ne, ita za ta san yadda za ta faɗa wa mijinta. Ke kuma naki shi ne ƙafa, wadda ba kunya a cikinta. Idan ya kira ki Likita, ki ɗauko takalmin ki nuna masa sabuwar hudar, ki roƙe shi ya je asibiti cikin makon nan, ya tafi da kwalin maganin da yake sha. Tela ya san yaga tun tana ƙarama ake kama ta, ba sai kin yi masa dogon bayani ba.

Idan aka ce lafiya lau, ƙwai ɗaya kawai aka yi asara. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya kuma tabbatar miki da sunan da yake tsokanarki da shi.

Anti