Taswirar da Ta Mayar da Kaburburanmu Fili

Daga: Alhaji Abdulbaƙi Wada, mai sayar da yadi, Babbar Kasuwar Garwa

Zuwa ga: Mai girma Darakta, Cibiyar Ilimi Mai Zurfi ta Dutsen Tengelin, Garwa

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Game da: Fitar da aikin ɗaliba Khaula Mahmudu Wada daga makaranta, da abin da ya biyo baya a Gonar Wada

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin zuriyar marigayi Malam Wada. Ni ne babba a gidan yanzu, kuma ni ne baffan Khaula, ɗalibarku da ke shekara ta uku a sashen harkar gidaje da filaye. Tun rasuwar mahaifinta, ƙanena Mahmudu, a hannuna take. Na rubuta da Hausa don in faɗi abin da ke raina daidai. Fassarar Faransanci tana haɗe.

1. A watan Fabrairu malaminta, Misye Rostand, ya umarci kowane ɗalibi ya zaɓi fili, ya auna shi, ya zana taswirarsa, ya rubuta matsayinsa a doka. Khaula ta zaɓi Gonar Wada da ke kan hanyar Pitowa. Jauron wancan zamani, wato mai garin, shi ne ya ba kakanmu Malam Wada ita da baki, a gaban shaidu, lokacin da ya zo daga Kano da fatauci. Ba mu da takardar mallaka, kuma ba mu taɓa jin muna bukatarta ba. Na yi murna da zaɓin yarinyar, har na riƙa yi mata tsiya ina kiranta Injiniya.

2. A kusurwar gabas ta gonar, bayan shingen ƙaya, akwai kaburbura goma sha tara. Kakanmu yana nan, da iyayenmu, da mahaifin Khaula. Mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. Tudun ƙasa ne da dutse ɗaya a wajen kai, damina biyu uku ta daidaita shi da ƙasa. Baƙo zai ratsa wurin bai san ya taka kowa ba. Kuma a gidanmu mata ba sa shiga can, ba a nuna kabari da yatsa, ba a ƙidaya su a gaban bare.

3. Ranar Asabar 17 ga Fabrairu na raka ta awon. Da ta kai shingen da igiyar awonta, ni da bakina na hana ta shiga. Na ce ta zagaya ta waje, kada kuma ta kai zancen mamatanmu teburin malamai. Yarinya mai biyayya ce, ta yi yadda na ce. A taswira ta bar kusurwar fara, ta rubuta cewa fili ne da ba gini, ba takarda. Wannan kuskure nawa ne, ba na ɗora wa makarantarku shi. Ta miƙa aikin ranar 11 ga Maris, ta samu maki sha bakwai bisa ashirin, muka yi mata barka.

4. Ranar Juma'a 17 ga Mayu, bayan masallaci, mun je ziyara kamar yadda muka saba. Muka tarar da turakun siminti shida an kafa su kewaye da gonar, kawunansu da jan fenti. Na uku an kafa shi daidai kan Mahmudu. Wanda ya kafa ya ɗauke dutsen kabarin ya tokare turken da shi don kada ya karkace. A jikin tsamiya an manna takarda cewa wani kamfanin gine-gine yana neman a mallaka masa filin, kuma duk mai ja da hakan yana da kwana talatin daga 16 ga Mayu.

5. Taswirar da ke jikin takardar ta Khaula ce. An yanke sunanta daga ƙasa, amma an manta da abu ɗaya. Ta yi kuskuren mita biyu a nisan rijiya, malaminta ya zagaye wurin da biro. Zagayen yana nan a kwafin da ke jikin tsamiya. Aikin nan hannu biyu kawai ya ratsa, nata da nasa. Ban ce Misye Rostand ya sayar ba, domin ban gani ba. Ina dai tambaya ta wace ƙofa takardar jarrabawa ta fita daga makarantarku.

6. Ranar Laraba 22 ga Mayu na je ofishinsa. Ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya yaba ƙwazon Khaula. Ya ce shi bai san komai ba, kuma ɗalibar, wadda 'yar gidanmu ce, ita ta shaida da hannunta cewa babu kowa a filin. Sa'annan ya tuna mini cewa ranar 20 ga Yuni za ta kare aikinta na ƙarshe, shi ne kuma shugaban masu sauraro. Ya ce idan ta dawo tana cewa rahotonta ba gaskiya ba ne, to ta amsa laifin yi wa makaranta ƙarya, hukuncinsa kuwa kora. Yana murmushi ya faɗa, ya raka ni har bakin ƙofa. Shekara arba'in ina kasuwa, na san lokacin da ake faɗa mini farashin abu.

7. Mun kai ƙin amincewarmu ofishin da takardar ta ambata. An karɓa, an kuma gaya mana cewa baki ba ya ture zane, sai mun kawo abin da ke nuna taswirar ba ta cika ba. Jauron yanzu ya ce zai shaida, amma tun ranar da wata farar mota ta tsaya ƙofar gidansa ba ya ɗaga wayata. Ranar Alhamis 30 ga Mayu aka sauke katafila a bakin gonar. Ba ta yi komai ba tukuna. Tana nan a tsaye, bakinta na kallon shingen.

8. Ranka ya daɗe, Khaula ta daina cin abincin kirki. Gwaggonninta sun daina amsa gaisuwarta, suna cewa boko ya sa ta sayar da ubanta. Ba ta kare kanta, ba ta kuma taɓa cewa ni na sa ta ba, wannan shirun nata ya fi komai ci mini rai. Shekaranjiya ta kawo mini sabon zanen kamfanin da wata abokiyar karatunta ta samo, ta ajiye a gabana ta fita. A zanen, kusurwar gabas wurin ajiye motoci ce. A nan na roƙi 'ya'yana su sa ni, kusa da Mahmudu. Ina jin tsoro, kuma ban ga amfanin ɓoye maka ba.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi:

a) Makaranta ta ba mu takarda mai hatimi cewa taswirar aikin koyo ce, ba awon hukuma ba, kuma an fitar da ita ba da izini ba.

b) A binciki yadda ta fita, a kuma cire Misye Rostand daga masu sauraron Khaula har a gama binciken.

c) A bar ta ta gyara rahotonta ba tare da an kore ta ba. Na ɗage mata haninmu. Zan shiga da ita da kaina, ta auna, ta ƙidaya, ta zana su goma sha tara, in faɗa mata sunan kowa.

Wa'adin zai cika ranar Asabar 15 ga Yuni, wadda ake sa ran ita ce jajiberin Babbar Sallah. Saura kwana goma sha biyu. Idan gyaran zai ci makinta, ita da ni mun yarda. A karɓe sha bakwai ɗin, a ba ta abin da ya rage, a rubuta cewa ubanta yana wurin.

Ina jiran amsarka da kyakkyawan zato. Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama da kujerarka lafiya.

Naka mai biyayya,

Alhaji Abdulbaƙi Wada
A madadin zuriyar Malam Wada, rayayyu da waɗanda ke bayan shinge