Abin Da Mai Bidiyo Ya Yanke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Jalingo lafiya lau. Damina ta zauna, ruwa ya cika kogin Mayo Gwoi, surukinki kuma ba ya rabuwa da yi miki addu'a. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, kuma ko da kina raye boko bai dame ki ba. Amma ni da ke ba mu taɓa iya magana baki da baki ba, takarda ce kawai ta rage mini.

Dada, kishi nake yi. Kishin Nafisa, autarki. Na faɗa, kowa ya ji.

Ni ce 'yarki ta fari, ke kuma Bafulatana ce mai kunya ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke" nake, ko "waccan". In baƙi suka tambaye ni, sai ki ce, "Mai littafin? Tana ciki tana ɓata idonta." Nafisa kuwa har ta yi girma tana kwanciya a cinyarki kina yi mata tsifa.

Kin tuna ranar da na bar tuwo ya ƙone ina karatu? Kin shigo ba ki ɗaga murya ba, kika kwashe littattafan soyayyata guda bakwai, kika ce, "Takarda ba ta tuƙa tuwo." Na yi kwana uku ina kuka, ba ki ko kalle ni ba.

An yi bikina shekara guda bayan an ba mu jiha, lokacin da bidiyo yake sabon yayi. Surukinki ya ɗauko Oga Danladi mai kyamara. Kaset ɗin da ya haɗa mana ya yi kyau, da furanni suna juyawa, da sunayenmu suna fitowa. Kowa yana ciki, har akuyar maƙwabta ta samu shiga. Ke kaɗai ce babu. Kin shige ɗaki kin ja labule, wai uwa ba ta tsayawa a bikin 'yar fari.

Da aka zo bikin Nafisa, wan mijinta ya dawo daga Amurka da wata 'yar ƙaramar kyamara. A nan kunya ta sake ki. Kin yi dariya har wushiryarki ta fito, kin gyara mata lulluɓi, kin riƙe kafaɗarta kina yi mata nasiha. Kin kira sunanta sau goma sha ɗaya. Na ƙirga, Dada. Bayan rasuwarki bara, da ta kunna mana kaset ɗin a gidanta, kowa yana kukan rashinki, ni ina ƙirgawa.

A littattafan da nake karantawa, ranar da za a kai amarya uwa takan rungume ta, su yi ta kuka har sai an ɓamɓare su. Na karanta irin wannan shafi ya fi a ƙirga, kullum da fuskarki nake karanta shi. Shi ya sa wata dabara ta zo mini: a ciro ki daga bikin Nafisa, a dasa ki a nawa.

Na je Lau gidan Nafisa na ari kaset ɗin, na ce kallo kawai zan yi. Ta miƙo mini tana cewa, "Adda, ki riƙe mini shi da kyau, Dadata ce a ciki." Dadata! Kamar a kasuwa aka tsinto ni.

Na kai wa Oga Danladi a shagonsa na bayan kasuwa. Kin san Hausarsa, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa. Ya sa ƙaramin kaset ɗin cikin wani babba, ya tura a inji. Hoto ya fito baƙi da fari, yana gudu sama kamar ana jan guga, fuskarki tana rabewa biyu. Ya ce, "Madam, wannan kaset ɗan Amurka ne, injin namu ba ya jin yaren shi." Na ce ai a gidan Nafisa yana yi. Ya ce injinta na kallo ne, kallo daban, kwafa daban, sai an kai Yola wurin mai injin da ke juya shi zuwa irin namu.

Mako biyu na yi ina jira. Da ya dawo, hoton ya tsaya, amma kala ta koɗe. Koren zanenki ya koma kamar ruwan toka. Na ce ba komai, ai ke ce.

Ya jera inji biyu, ɗaya yana kunnawa ɗaya yana ɗauka, yatsansa a kan maɓalli. Duk inda ya haɗa, sai wasu layuka masu launi su tsaga hoton. Wannan ma da sauƙi. Ga ni cikin zafin rani ina gumi, ga ki kuma a tsakar gida jiƙe da ruwan sama. Hannunki yana kan kafaɗar amarya, amma leshin ba nawa ba ne. Sai bakinki ya buɗe, kika ce, "Nafisa." Oga Danladi ya ce zai iya goge muryar ya sa kiɗa. Ji na yi kamar na je biki da zanen aro, mai shi tana zaune tana kallona.

Ya ƙara da cewa fuskata ma ta dushe, don daga kwafi yake kwafa. "Kaset kamar miya ne, Madam, kana ƙara ruwa yana salancewa. Je ka kawo na asali." Ashe ranar da ya ba mu kaset ɗin biki ya haɗa wa surukinki da na asalin, wanda ba a yanke komai ba. Yana ƙasan akwatinsa shekara biyar, ba wanda ya taɓa kunnawa.

Na ɗauko na kai wa Oga Danladi, awa uku ne cur. Yana tura shi da gudu, mutane suna ta tsalle-tsalle, sai hoton ya karkace, ɗaki ya kwanta a gefe. Ya sosa ƙeya ya ce wannan kuskure ne, tun farko ya yanke shi. Wai yana ɗaukar hoton kayan ɗakina da aka jera a ɗakinki kafin a kwashe, aka kira shi cin abinci, ya ajiye kyamara a kan kujera ya manta bai kashe ba. Zai wuce, na ga labule ya motsa. Na ce ya tsaya.

Ke ce kika shigo, Dada. Ke kaɗai.

Kin waiga ƙofa kamar mai shirin sata. Kika ɗaga katifarki, kika zaro littattafan nan bakwai. Kika zauna a bakin gado, kika ɗauki na sama, kin ma riƙe shi a kife. Kika buɗe bango, inda nakan rubuta sunana da jan biro, kika ɗora babban yatsanki a wurin kina shafawa. Leɓɓanki suka motsa. Sannan kika naɗe su a zanenki na saƙi, kika cusa can ƙasan akwatina, kika goge ido da bakin mayafi, kika fita.

Na sa ya ƙure ƙara har inji yana gurnani. Ba abin da ke fitowa sai kalangu da guɗar mata daga waje. Mun mayar sau huɗu. Surukinki, da ya rako ni ranar, ya ce salati kike yi. Oga Danladi ya ce, "Mama naka yana addu'a ne." Su suka sani. Ni na ga yadda bakinki ya buɗe ya rufe, kuma na san sunana.

Kin san abin haushi? Da na tarar da littattafan a makon farko na aure, Nafisa na yi wa godiya, na ɗauka ita ta sato mini su. Ta ce, "Ba komai, Adda." Shekara biyar tana cin godiyar da ba tata ba. Ke kuma kina ji, ba ki ce uffan ba.

Na ce a goge haɗin da muka yi. Na mayar mata da kaset ɗinta lafiya, Dadarta tana ciki ba abin da ya taɓa ta. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu in na tuna sau goma sha ɗayan nan sai kishin ya motsa mini. Ita tana da muryarki da dariyarki. Ni minti biyu gare ni, a karkace, ba magana. Amma ita kin san ana ɗauka. Ni ba ki sani ba. In ta karanta wannan ta zo aro, ba zan bayar ba.

Oga Danladi ya ce ba shi da injin da zai miƙar da hoton, kuma yawan kunnawa yana cinye kaset. Don haka ranar Juma'a kawai nake kallo, bayan surukinki ya tafi masallaci. Tun da hoton a kwance yake, sai in shimfiɗa tabarma gaban talabijin in kwanta a gefena, sai ki miƙe zaune daidai, kaina kusa da cinyarki. Wurin Nafisa ne, na sani. Minti biyu kawai nake ara.

Allah Ya jiƙanki, Dada, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mini zargin da na yi miki a zuci. Ya haɗa mu a gidan da babu labule tsakanin uwa da 'yarta, ki kira ni da ƙarfi, ko sau ɗaya ne, Nafisa tana ji.

Taki har abada,
Mai littafin,
Hadizatu.