Zakaruna da Jakar Robarku

Zuwa ga Manajan Kamfanin Rigakafin Dabbobi da ke hanyar Kakau,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Bitrus, mai kiwon kaji a Mahuta, wanda yake kawo muku ƙwai a bayan babur tun kamfaninku yana ɗaki biyu. Na gaji da zarya maigadi yana cewa kana mitin, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na farko. Ku kuka ce ƙwan da kuke rainon ƙwayar cuta a ciki don haɗa rigakafi sai mai ɗa, wato sai da zakara. Na bi kasuwanni na tara zakaru, ƙarti majiya ƙarfi, ban taɓa kawo muku baragurbi ba.

Na biyu. A watan Yunin bana jami'inku ya tare ni a bakin get ya ce an daina karɓa. Wai kun sayo wata ƙatuwar jakar roba, ana zuba mata ƙwayoyin halitta da ruwan abincinsu, inji yana jijjiga ta kamar ana lallashin jariri, ƙwayar cutar ta hayayyafa a ciki. In an gama, a ƙone jakar a ɗauko sabuwa. Ya ce ta fi tsafta da sauri, ban musa ba. Amma ranka ya daɗe, babu wanda ya sanar da zakaruna cewa an soke kwangila.

Na uku. Ƙwan nan ya ƙi shiga kasuwa. Na kai wa wani mai shayi a Sabon Tasha, ya fasa ɗaya a kasko, abin ciki ya kalle shi. Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Zakarun kuma masu saye sun ce sun tsufa, sai dai in jira Kirsimeti lokacin da ba a zaɓe. Cara kam ba su fasa ba, har ladanin unguwarmu ya ce sun ƙwace masa aiki. Mai gidan da nake haya ya ce ƙarshen wata ko su ko ni. A gidan nan aka haifi 'ya'yana duka, kuma gaskiya abin ya hana ni cin abinci.

Roƙona, ko ku ci gaba da karɓar ƙwan kaɗan-kaɗan har sai na sallami zakarun, ko ɗakin cin abincin ma'aikatanku ya koma dafa farfesun zakara. A hanzarta don Allah, domin kajin sun ga ƙwai ya taru sun hau kwanci, kuma ka san rabin abin da za su ƙyanƙyashe maza ne.

Allah Ya ƙara girma, Ya albarkaci jakarku, Ya kuma raba ka da maƙwabci irina.

Wassalam.

Bitrus mai kaji, Mahuta.