Malamin da Ke Cikin Littafinka

Daura,
8 ga Yuli, 2003.

Zuwa ga ƙanena Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya Zariya, ya aiki, ya Khairunnisa da yara? Ina fata ciwon kunnen Muhammad ya tafi. Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, gero ya kusa gwiwa. Baba yana gaishe ka, don har yanzu bai san abin da na sani ba.

Littafinka ya iso Daura, kuma ba daga hannunka ya iso ba. A hannun wata ɗalibata na ƙwace shi a Islamiyya, tana karatu a ƙarƙashin hijabi ina tsakiyar darasin fiƙihu. Na ɗaga hannu zan kai mata ranƙwashi sai na ga bangon: wani ƙaton maciji mai fuka-fuki yana aman wuta, a samansa an rubuta Masu Numfashin Wuta, a ƙasa kuma sunanka ɓaro-ɓaro. Yarinyar ta ce ai ta ɗauka na riga kowa karantawa. Ni da na goya ka bayan rasuwar Inna, ni ce ta ƙarshen ji a garin nan.

Na karanta shi tas. Ba zan yi maka ƙarya ba, ka iya labari, tun kana ƙarami kake sa mu manta tuwo a kan wuta. Na kuma gane nufinka. Macijin hassada, macijin girman kai, macijin cin amana, suna fitowa daga tsohuwar rijiya suna ƙone garin da ya yi wasa da salla, wa'azi ne kake yi wa yaran da ba sa zama wurin wa'azi. Ɗalibaina har suna cewa tun da suka karanta ba su ƙara makara da asuba ba. Dattawa kuma suna cewa ka ɗauki macijin Kusugu, tarihin garinmu, ka liƙa masa fuka-fuki ka mai da shi abin wasan yara. Malam Hussaini, na'ibin Baba a masallaci, ya ce haɗa tatsuniya da sunan Allah a takarda ɗaya rashin ladabi ne. Wannan duk bai dame ni ba, kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne malamin nan naka mai ɗaure macizai da addu'a. Zakiyyu, wa kake so ka raina wa hankali? Dattijo mai ɗingishi da ƙafar hagu, mai gyaran murya kafin ya yi kabbara, mai zauren da ke kallon kurna, mai butar ƙarfe da aka ɗaure wa hannu da waya. Har butar ba ka ƙyale ba. Suna kawai ka canza. Duk wanda ya taɓa bin salla a unguwarmu ya san Baba ne.

Ka fi kowa sanin halin Baba. Tun muna yara ba ya ba da laya, ba ya yin rubutun sha. Mai ciwo in ya zo, ya yi masa addu'a ya tura shi asibiti, har mutane suna cewa yana da rowar asiri. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun a kira shi mai asiri, shi ka ɗauka ka ba shi addu'ar da ake tofawa a ruwa a watsa wa maciji ya sandare. Jiya mata biyu suka zo tun daga Kongolam suna neman malamin cikin littafi ya tofa musu a gora. Allah ya sa na kawo wa Baba abinci, na tare su a ƙofa na sallame su. Ba kullum zan kasance a ƙofar ba, ina da miji da aji.

Ka zo ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a bakin duniya. Ka gaida Khairunnisa, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Haulatu.


Daura,
22 ga Yuli, 2003.

Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da iyali. Amadu direba ya kawo mini amsarka, na karanta, na kuma so a ce ban karanta ba.

Ka ce ƙagaggen labari ne, kowa ya san ƙagagge ne. Ka ce girmama Baba ka yi. Ka ce masu karatu daga Kano da Katsina suna ta aiko maka da yabo, wai ni ce ban san yadda adabi yake ba. Na gode. To bari jahilar yayarka ta ba ka labarin wani mai karatu da bai aiko maka da yabo ba.

Sunansa Audi, manomi ne a wani ƙauye bayan Baure. Shi bai iya boko ba, ɗiyarsa Shatu ce take karanta wa gidan littafinka da yamma. Wani maƙwabcinsu mai zuwa kasuwar Daura ya rantse musu cewa malamin yana nan da ransa, ya gan shi da idonsa, har butar ya gani. Ranar Asabar Audi yana noma kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ka san me suka yi? Suka buɗe littafinka, suka nemo addu'ar da ka ƙaga da Larabcinka na jami'a, aka kwafe ta a allo, aka wanke, aka ba shi ya sha, aka shafa saura a wurin saran. Kai ne ka buga ta da haruffan Larabci, da wasali da komai. Mutumin ƙauye in ya ga Larabci a buge a takarda, ta ina zai san daga kanka ta fito? Sumbatar takardar zai yi ya ɗora a goshi.

Suka kwana suna jiran sauƙi. Da ƙafar ta kumbura kamar turmi, suka ce lallai sai mai addu'ar da kansa ya tofa. Suka ɗauko shi a mota, suka wuce asibiti a hanya ba su tsaya ba, suka sauke shi a ƙofar zauren Baba ana shirin la'asar.

Baba yana ganin ƙafar ya hana direban tafiya. Ya sa aka mayar da Audi cikin motar, ya shiga kusa da shi, ya bar wa Malam Hussaini sallar. Ni ban taɓa ganin ya bar jam'i yana da lafiya ba. Na bi su asibiti da abinci. A can Shatu tana kuka ta miƙa masa littafin a buɗe, tana roƙonsa ya duba ko kuskure suka yi wajen kwafa. Baba ya sa tabarau ya karanta addu'ar, ya sake karantawa, ya ce bai san ta a kowane littafi ba. Sai ya juya bangon, ya kalli macijin, ya miƙo mini ya ce in karanta masa sunan da ke ƙasa tunda da boko aka rubuta. Zakiyyu, a gaban mutane na karanta masa sunanka da nasa a haɗe. Ba zan yafe maka wannan tsayuwar da wuri ba.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Yanzu gari ya ɗauka. Waɗanda jiya suke yabon littafin su ne yau suke cewa a tattara a ƙone. Wasu samari sun daina bin Baba salla, suna cewa ba za su bi limamin da ake sayar da asirinsa a kasuwa ba. Wasu kuma sun ƙara yin layi a ƙofarsa da goruna, wai Shatu ce ta yi kuskuren kwafa. Mai unguwa Kabo da dattawan masallaci sun zauna. Abin da suka yanke shi ne, ranar Juma'a ɗaya ga Agusta, bayan an sauko, za a taru a masallacin unguwa. Ko dai mai littafin ya tsaya ya ce shi ya ƙaga addu'ar, mahaifinsa bai san da ita ba, ko kuma Baba ya barranta da littafin da wanda ya rubuta shi a gaban jama'a. In ba a sami ɗayan biyun ba, limanci ya bar hannunsa.

Tun kafin a haife ka yake jan sallar nan. Ba wasiƙa nake so ba, ba gaisuwa nake so ba. Motar Amadu tana tasowa daga Zariya kowace safiya, ka shigo ta.

Yayarka,
Haulatu.


Daura,
2 ga Agusta, 2003.

Zuwa ga Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka saboda Inna ta hore ni da gaisuwa ko da rai a ɓace. Ina fata yara suna lafiya.

Saƙonka ya iso ranar Alhamis, cewa an gayyace ka taron masu karatu a Kano kuma ka riga ka yi alkawari, amma za ka sa gargaɗi a shafin farko in an sake bugawa. Ban gaya wa Baba ba. Na kasa.

An yanke wa Audi ƙafa daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da an kawo shi a ranar da abin ya faru da ba a kai ga haka ba. Gonarsa tana can ciyawa ta fi gero tsawo, mijina Hafizu ya tara abokansa za su je su nome masa ita. Sai ka rubuta wa Audi gargaɗin naka, Shatu ta karanta masa.

Tun bayan asibiti Baba ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar ina karanta masa littafin, tun daga farko, kada in tsallake komai. Haka muka yi har muka gama. Ina karatu ina jin haushi, shi kuma yana zaune yana jan carbi. Wurin butar ya yi murmushi. Wurin addu'ar ya ce in wuce. Sai da muka kai ƙarshe, inda macijin girman kai ya kewaye masallaci da wuta, jama'a suka watse suka bar malamin shi kaɗai, sai ga ɗansa da ya daɗe da barin gari ya ratso hayaƙi ya tsaya a damansa. Nan ya ce in maimaita masa. Na maimaita, ya tashi ya tafi alwala.

Jiya ya sa farar rigarsa ta Idi. Hafizu ya ce da za su fita Baba ya ba shi darduma biyu, ya ce ya shimfiɗa ɗaya a damansa. Masallaci ya cika har waje. Mai unguwa ya jinkirta buɗe taro, Baba yana ta waiwayen hanyar tasha, har mutane suka fara tari suna gyara zama. Dardumar nan tana shimfiɗe babu kowa a kai.

Da Baba ya ga abin ya isa, sai ya miƙe ya yi gyaran muryar nan da ka sayar wa duniya. Ya ce addu'ar ba tasa ba ce, ba ta cikin Alƙur'ani, ba ta cikin hadisi, duk mai ita a allo ya wanke ya zubar, wanda maciji ya sara kuma a kai shi asibiti kafin a kai shi wurin kowane malami. Malam Hussaini ya tuna masa da sauran sharaɗin. Baba ya ce wannan ba zai iya ba. Ya ce shi ya ɗora maka alif da ba a kan cinyarsa, ba zai tsaya a ɗakin Allah ya ce bai san ka ba. Da lokacin la'asar ya yi, ya kama hannun Malam Hussaini ya kai shi gaba, shi kuma ya ja ƙafarsa ya koma cikin sahu. Hafizu ya ce shi ya naɗe dardumar ta biyu, ya ɓoye ta a hammata don kada Baba ya sake ganin ta.

Yau da asuba ma a sahu ya yi salla. Ya dawo ya sha kununsa, ya ce in shirya masa abin da zai kai wa Audi.

Raina a ɓace yake, Zakiyyu, ɓacin da ban taɓa yi da kai ba. Na so in cika takardar nan da zagi, amma Baba ya hana, ya ce saƙo ɗaya kawai zan rubuta maka daga gare shi. Ya ce ya gane malamin, ya gane zauren, ya gane butar, ya kuma san macizan ƙagaggu ne. Abin da bai gane ba shi ne ɗan nan da ya dawo ya tsaya a daman ubansa. Ya ce in tambaye ka, shi ma cikin ƙagaggun yake?

Ka gaida Khairunnisa da yara.

Yayarka da ta goya ka,
Haulatu.