Sunan da Sani Bai Sani Ba

Ƙanwata Binta,

Ina gaishe ki. Ya maigidan naki da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Yankara lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ran Juma'a aka yi sunan 'yar ƙanenmu Sani. Kwanana uku a gidan ina fama da tukunya, amma da aka raɗa suna sai na ji Fatima Binta. Kin yi takwara, barka.

Na ja Sani gefe na ce, "Ni da na goye ka bayan rasuwar Inna fa?" Sai ya ce, "Haba Yaya, ai Talatu sunan rana ne, ba a yanka rago da shi."

Binta, don an haife ni ran Talata ake kirana haka, amma ni ma Baba ya yanka mini ragona, da sunan Rabi'atu. Ashe yaron nan bai taɓa tambaya ba. Ke da ko zuwa ba ki yi ba, sunanki ne a bakin kowa.

Ki sa ni a addu'a, Allah ya sanyaya mini zuciya. Ki gaida yara.

Yayarki,
Rabi'atu, in ke kin tuna